Wasiƙa Zuwa Ga Masu Saƙar Kaba Na Jambutu: A Saƙa Wa Mai Dogon Zama Abin Zamansa

Zuwa ga iyaye mata masu ɗinkin faifai, su Dada da su Goggo, da dattawa masu saƙar tabarma, su Baffa, da matasan da ke koyo a hannunsu, a Jambutu da kewayen Jimeta.

 

Wannan wasiƙa shawara guda ta ɗauko, kuma ta fara ne daga abin da kowane mai saƙa ya riga ya gani da idonsa. Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Jimeta ya nufi wajen masu shimfiɗa, tabarmar roba zai tarar a jingine rumfa bayan rumfa, ja da kore da shuɗiya, ga darduma 'yar Turkiyya da 'yar Sin a rataye. Tabarmar kaba kuwa sai an tambaya. Mai saye bai yi laifi ba. Ta roba tana da araha, a wanke ta a shanya ta bushe nan take, gara ba ta cin ta, injin da ke fitar da ita kuma ba ya hutun sallar azahar. Hannun da ke kwana da kwanaki kafin ya haɗa tabarma ɗaya ba zai kamo injin nan ba. Wanda ke ce wa mai saƙa ya ƙara haƙuri, kasuwar za ta dawo yadda take a da, bai yi masa adalci ba.

Sai dai akwai mai saye ɗaya da masana'anta ba ta kula da shi ba, shi ne mutumin da ke zama a ƙasa ya daɗe bai tashi ba.

Jimeta da Yola cike suke da irinsa. Akwai dattijon da ke harɗe a da'irar wazifa kullum, sai an yi istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, a rufe da Jauharatul Kamali, ranar Juma'a kuma ya zauna zikiri bayan la'asar har rana ta faɗi. Akwai mai i'itikafi da ke kwana goman ƙarshe na azumi a masallaci. Akwai masu sauraron tafsiri, da masu karanta Dala'ilu da Ishiriniyya, da alaramman da ke sunkuye yana rubutu da tawada, da gardin da ke tilawa tun bayan asuba, da mata masu shekaru da suka koma Islamiyya. Mai lura zai ga yadda suke fama: wannan ya ninke darduma huɗu ya tura ƙarƙashinsa, wancan ya yi sauri ya kama gindin ginshiƙi don ya sami majingina, wani kuma yana miƙe ƙafa yana janyewa cikin kunya don kada ya miƙa ta ga malam. Da yawa sun haƙura sun koma kujerar roba a bayan sahu, alhali ransu yana cikin da'ira.

Wannan zama ba baƙo ba ne a Fombina, wato ƙasar Adamawa. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kuma kafa Yola a 1841, malami ne kafin ya zama mai mulki, sunan da ake kiransa da shi ma na malanta ne. A tsakiyar ƙarni na 19 Modibbo Raji ya baro Gwandu ya zo Adamawa da karatunsa da ɗariƙarsa ta Tijjaniyya. Mutanen wancan zamani sun yi zaman da ya fi na yau tsawo, amma ba a kan abin da ake zama yau ba. Daɓen masallaci da na zaure ƙasa ne, a mafi yawan wurare da yashi a barbaje, a shimfiɗa tabarmar kaba a kai, malam ya ɗora buzunsa na fatar ragon layya. Yashi yana lotsawa ya karɓi ƙashin mutum, kaba tana shan gumi, gashin buzu yana rage tauri. Yanzu siminti ne da tayil, a kansu leda mai kaurin takarda ko kafet da ya riga ya sha taku. An gyara masallatai sun yi kyau, wannan gaskiya ne, amma an bar ƙugun tsofaffi da gwiwoyinsu suna biyan kuɗin gyaran.

A nan ne labarin wata ƙasa mai nisa yake da amfani.

A ƙasar Sin akwai tsohon addini da ake kira Tawo, kuma babban ginshiƙin ibadar masu zuhudunsa shi ne zama shiru, ƙafa a harɗe, ana lura da numfashi. Reshensa da ya fi tsananta wannan zama shi ne Quanzhen, wanda Wang Chongyang ya kafa a ƙarni na 12. Ya isa lardin Shandong a 1167 ya tara almajiransa, ya rasu a 1170. Mabiyansa sun riƙa shiga halwa ta kwana 100, wasu har shekara 3, a ɗan ɗaki rufaffe. A gidajen ibadarsu kuma suna da zaman taro na lokacin hunturu, inda ake ɗora ƙaramin kwano mai huji a kan ruwan babban kwano, ba mai tashi sai ƙaramin ya cika ya nutse. Babbar cibiyarsu, Haikalin Farin Gajimare da ke Beijing, tana nan har yau, a cikinta ne ƙungiyar mabiya Tawo ta ƙasar Sin take da mazauni.

Mutanen da suka mayar da zama aikinsu dole su san abin zama. Nasu shi ne putuan, zagayayyen matashi mai tauri da ake saƙawa da ganyen wata ciyawar fadama, a wasu yankunan da karan shinkafa ko ɓawon masara. A kansa ake zama, a kansa ake durƙuso a gaban wurin bautarsu. Mai yawon zuhudu a cikinsu ba ya ɗaukar kaya da yawa, amma putuan yana cikin 'yan abubuwan da al'adarsu ta lissafa masa, tare da riga mai faci, da gora, da malafa, da sanda. Mabiya Buddha na Japan sun gaji irin wannan matashi, nasu na yau na ƙyalle ne, kuma abin da suka fi cusa masa shi ne audugar rimi, wadda kakannin Hausawa suka daɗe suna cika matashin kai da ita. Yau ana sayar da waɗannan matasai a Turai da Amurka ga mutanen da ba ruwansu da Tawo ko Buddha, masu ciwon baya kawai da masu son zama a ƙasa. Roba da soso sun cika kasuwar Sin fiye da ta Jimeta, duk da haka saƙar putuan ba ta mutu ba, domin an yi ta ne don buƙata guda da aka fahimta sosai.

Wani zai ce, me ya haɗa musulmin Jambutu da kayan bautar mutanen Sin? Tambayar tana kan hanya, amsarta kuma ba ta da wuya. Ba aƙida za a ɗauko ba, ba siffar ibada ba. Abin ɗauka shi ne lura da jikin ɗan Adam, wanda iri ɗaya ne a Shandong da Jimeta. Idan mutum ya harɗe a daɓe, gwiwoyinsa sukan ɗaga sama da ƙugunsa, ƙugun ya karkata baya, gadon baya ya lanƙwashe, nauyi ya taru a ƙasan ƙashin baya. Jijiyoyin da ke bi ta gefen gwiwa da idon sawu su matsu, ƙafa ta mutu. Da an ɗaga mazaunin kaɗan, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, sai bayan ya miƙe da kansa, ƙirji ya buɗe, numfashi ya saki. Mai zikiri da mai tilawa da numfashi suke aiki. Wanda ƙafarsa ke masa zogi, rabin hankalinsa yana wajen ƙafar.

Kuma shimfiɗar ganye tana da asali mai ƙarfi a wannan addini. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana salla a kan ƙaramar tabarmar ganyen dabino. Anas ɗan Malik ya ba da labarin tabarmar gidansu da ta yi baƙi don daɗewa, ya yayyafa mata ruwa aka yi salla a kanta. Sayyidina Umar ya yi kuka da ya ga shatin tabarma a jikin Annabi. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, kamar yadda ɗaliban littafin Muhtasar suka sani, an karhanta sujada a kan tufa amma ba a karhanta ta a kan tabarma ba. Mai saƙar kaba ya kamata ya san wannan, ya kuma faɗa wa mai sayensa ba tare da jin nauyi ba. Haka nan ya faɗa masa ɗaya gefen: matashin zama na zama ne, ba na sujada ba. Goshi yana buƙatar abin da zai tabbata a kai. Idan aka tayar da salla, a janye matashi gefe.

To, yaya za a yi shi?

Fasahar tana hannu tuntuni. Matar da ta iya ɗinkin faifai ta san yadda ake tattara ciyawa dami siriri, a naɗe ta da kaba, a fara daga cibiya ana zagayawa, kowane zagaye a ɗinke shi da na bayansa. Matashin zama haka yake, sai dai damin ya yi kaurin babban yatsa ko fiye, kuma a yi hawa biyu ko uku a haɗe su da ɗinki mai ratsawa daga sama zuwa ƙasa. Mai saƙar tabarma kuma, wanda ya saba kitsa doguwar saƙa ya harhaɗa ta da basilla, zai iya kitsa igiya mai faɗi ya naɗe ta a tsaye, gefe a jikin gefe, har ta cika faɗin da ake so. Hanya ta biyu ta fi sauri, ta farko ta fi kyan gani da ƙarko.

Faɗi ya kai kamu ɗaya, ko ya ɗara kaɗan don mai jiki. Kauri shi ne inda ake kuskure. Yatsu 4 a jere sun ishi saurayi da wanda ya saba harɗe. Dattijo mai taurin gwiwa yana son abin da ya kusa taƙi. Gara a yi girma biyu ko uku da a yi ɗaya a ce kowa ya shiga. Gwaji kuwa ba ya buƙatar awo: mai saƙa ya zauna a kan abin da ya saƙa, a gaba-gaban bakinsa ba a tsakiya ba, ya harɗe, ya duba ko gwiwoyinsa sun sauka sun taɓa ƙasa. In sun rataye a sama, bai kai ba. Ya daure ya zauna gwargwadon karatun izu ɗaya. Kullin da bai ji da hannu ba zai ji shi a lokacin, ya san inda zai gyara.

A guji laushi. Wannan ita ce jarabawar da ta fi kama masu sana'a, domin mai saye yakan danna da yatsa a kasuwa ya zaɓi wanda ya fi lotsawa. Guntun soson katifa yana da daɗin dannawa, amma bayan minti kaɗan mutum ya nutse ya koma daɓe, ga zafi. Garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu ba ya son abin zaman da ke riƙe gumi. Tumtum na dukawa abin ado ne mai daraja a fada da ɗakin amarya, sai dai ya yi tudu da yawa, fata kuma ba ta shan iska. Wanda ke son ɗan laushi a sama, a yi masa siririyar riga ta saƙi ko zawwati da audugar rimi kaɗan, wadda za a iya cirewa a wanke. A gargaɗe shi cewa audugar rimi tana kama wuta nan da nan, kada ya ajiye ta kusa da kaskon turare ko maganin sauro mai hayaƙi.

Batun kayan aiki ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan Jambutu ta fi wasu sa'a.

Kaba ganyen ƙaramar goruba ce, kuma tana ƙara wuyar samu. A Gulbin Kaba da ke jihar Maradi, inda ake fitar da ita da yawa, an ga abin da yawan yanka ke yi: idan ana datse sabon ganye duk lokacin da ya leƙo, itacen ba ya samun tashi, sai ya tabbata kututture a ƙasa, ba gangar jiki ba 'ya'ya. Matashi mai hawa uku zai cinye kaba mai yawa idan da ita kaɗai aka yi. Bai kamata ba, kuma babu buƙata. A bar kaba ga fuska da ɗinki, ciki kuwa a nemi abin da ke da yawa. Manoman rani na bakin tafkin Geriyo suna noman shinkafa da masara, karan shinkafa da ɓawon masara kuwa sau da yawa ƙonewa suke yi ko su ruɓe a gona.

Sannan ga kacalla. Ciyawar da mutanen Sin ke saƙa putuan da ita 'yar'uwar kacalla ce, jinsinsu ɗaya, wato dogon ganyen nan mai soso a ciki da ke fitar da kai mai kama da zangarniyar gero. Mutanen Hadejia da Nguru sun san ta da sharri, don ta toshe magudanan ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsun jan baki. Tana cikin ciyayin da ke tafkin Geriyo, a bayan gidan mutanen Jambutu. Abin da masunta da manoma ke roƙon a raba su da shi, shi ne abin da wasu suka gina sana'a a kansa shekaru ɗaruruwa. Ganyenta yana da ramukan iska a ciki, shi ya sa yake da sauƙin ɗauka, yake lotsawa kaɗan ya dawo, ba ya kuma ɗaukar zafi.

Tana da nata sharuɗɗa. A yanke ta idan ta ƙosa, a shanya ta a inuwa mai iska har ta bushe sarai, domin ɗanyen ganye yana tsukewa idan ya bushe, wanda ya saƙa da shi zai wayi gari saƙarsa ta saki. Ranar aiki a yayyafa mata ruwa a lulluɓe ta da buhu ta yi laushi, kamar yadda ake yi wa kaba. Bayan an gama, a sake shanya matashin ciki da waje. Damshin Agusta a bakin Binuwai ba ya yafe wa abin da bai bushe ba, fumfuna za ta kama shi ya yi wari, mai saye kuma ba zai dawo ba. Jambutu ta ga ambaliya, ta 2012 da ta 2022 ba su fita daga zukata ba, don haka wurin ajiya ya kasance a rataye ko a kan gado, ba a daɓe ba. Mai shiga ruwa yankan kacalla ya sa dogon takalmin roba. Ruwa mai kwanciya yana ɗauke da tsargiya, yara ne kuma suka fi kamuwa, kada a tura su.

Tsarki ba ƙaramin abu ba ne ga waɗannan masu saye. 'Yan Tijjaniyya suna sharɗanta tsarkin wuri ga karatun Jauhara, mai tilawa da mai i'itikafi su ma ba sa wasa da shi. Kaba da kacalla da aka baza a tsakar gida, akuya ta bi ta kai, jariri ya yi rarrafe ya yi fitsari, sun rasa amincin da ake nema. A shanya a kan rumfa, a yi aiki a wuri mai tsafta, a iya cewa mai saye ya zauna da natsuwa. Wannan amana ce, kuma ita ce abin da injin ba zai iya yi wa kowa alkawarinsa ba.

Rini ma a yi hattara. Galurar kasuwa tana da haske amma tana zuba, farar babbar riga kuma ba ta ɓoye komai. Dattijon da ya tashi daga zikirin Juma'a da jan zagaye a bayansa ya gama sayen kayan mai saƙar. A ɗauraye kabar da aka rina har ruwan ya fita fari, ko a bar fuskar zama da launinta na asali a kai ado gefe. Karan dafi yana ba da ja mai kwanciya wanda ya dace da masallaci. Kada a saƙa sunan Allah, ko aya, ko siffar Ka'aba a kan abin da za a zauna a kai, ko da mai saye ya nema. A sa masa maratayi na igiya a gefe, don a ɗauka da hannu ɗaya tare da buta da carbi, a kuma rataye shi a ƙusa.

Saura ciniki. Wannan kaya ba na rumfar tabarmar roba ba ne. A can za a kwatanta kuɗinsa da na leda a ce ya yi tsada. Wurinsa ƙofar zawiya ne bayan wazifa, da harabar masallacin tafsiri, da makarantun matan aure, da wajen masu sayar da littattafai da carbi. Coci-cocin Jimeta ma suna da masu dogon durƙuso a addu'ar dare, gwiwarsu kuma irin ta kowa ce. Tashar Jambutu tana fitar da matafiya ta hanyar Numan zuwa Gombe da Bauchi da Kano, matashi marar nauyi kuwa tsaraba ce mai kyau ga tsoho a gida. Kafin a saƙa da yawa, a yi guda uku ko huɗu a kai wa limami ko muƙaddami ya ba dattawan da suka fi daɗewa a zaune, bayan sati biyu a koma a ji ta bakinsu: ina ya yi tauri, ina ya soke su, ya yi tudu ko ya yi ƙasa. Su ne za su gyara awon, su ne kuma za su kawo masu saye na gaba. Kuɗi a yanke shi da lissafin kwanakin da aikin ya ci, a faɗe shi ba tare da rantsuwa ko ba da haƙuri ba, a kuma ɗauki alkawarin gyara ɗinki idan ya saki.

Babbar kasuwa Sha'aban ce, lokacin da mutane ke shirin tafsiri da tahajjud da i'itikafi. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen sanyi da farkon zafi, yana kuma matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Ke nan kacallar da za a yi aiki da ita sai an yanke ta da kaka, ta sha iskar hunturu ta bushe, a fara saƙa tun Rajab.

Allah ya sa albarka a hannuwa. Wassalam.